Makaranta Kafin Coci

Idan muka koma birnin Niyok na shekarun 1830, za mu tarar da 'ya'yan baƙi 'yan Ailan suna gararamba a lunguna, iyaye maza suna dako a bakin tashar jiragen ruwa, mata suna aikatau a gidajen masu hali. Akwai makarantun kyauta, amma ragamarsu tana hannun 'yan Furotesta. Baibul ɗin da ake karantawa fassarar Sarki James ce, wasu littattafan karatun kuma suna aibata Fafaroma. Uba ɗan Katolika sai ya rasa tudun dafawa: ko ɗansa ya tashi jahili, ko ya tashi yana jin kunyar addinin gidansu.

Bishop John Hughes, haifaffen Ailan da ya yi aikin lambu kafin ya zama fada, shi ya ɗauki wannan kuka. A 1840 ya nemi a ba makarantun Katolika kaso daga kuɗin ilimi. Dokar da jihar Niyok ta yi a 1842 ta hana kuɗin gwamnati ga duk makarantar da ke koyar da aƙidar wata ɗariƙa. A ganina wannan kayen ne ya haifi komai, domin daga nan Hughes ya tsaya kan cewa a gina makaranta tukuna, coci ta biyo baya. A Filadelfiya ma, a 1844, rikici kan Baibul ɗin da ake karantawa a makarantu ya kai ga ƙone coci biyu na Katolika.

Sai yunwar dankali ta afka wa Ailan daga 1845, jirage suka riƙa sauke marayu da fatara. Nauyin ya faɗa kan sistoci, musamman na ƙungiyar da Elizabeth Ann Seton ta kafa a 1809. A ɗakunan ƙarƙashin coci suke tara yara, suna koya musu addu'o'i da karatu da lissafi, a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Da guminsu da kwabban 'yan aikatau aka ɗaga waɗannan makarantu, kuma ba a cika ambatonsu yadda ya kamata ba.

A 1884 taron bishop-bishop a Baltimo ya umarci kowace coci ta buɗe makaranta cikin shekara biyu. Shekara guda bayan nan katikisim na Baltimo ya fito, tambaya da amsa, yara suna haddacewa. Lokacin 'yan Italiya sun fara kwararowa. Da Uwa Cabrini, wata sista 'yar Italiya, ta sauka Niyok a 1889 domin 'ya'yansu, babban bishop ya ba ta shawarar ta koma gida saboda masaukin da za a ba ta bai kammala ba. Ta ƙi, ta buɗe gidan marayu a shekarar.