Daga Hawan Sama zuwa Fentikos: Bukukuwan Goshin Damina a Garwa

Duk wanda ya zauna a Garwa ya san wata Alhamis da ke zuwa a ƙarshen bazara, wadda ofisoshi da makarantu ke wayar gari a rufe. Da yawa daga cikinmu mukan ci hutun ba tare da tambayar dalilinsa ba. A ranar ce maƙwabtanmu Kirista ke tunawa da hawan Yesu Almasihu sama, kwana 40 bayan Ista. Kwana 10 bayan nan sai Fentikos, ranar da suka yi imani Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajiransa a Urushalima, har baƙin da suka taru daga ƙasashe dabam-dabam kowa ya ji wa'azi da harshen gidansu.

Bukukuwan nan tsofaffi ne, kuma tun fil azal suna da alaƙa da gona. Fentikos ta samo asali daga idin girbin alkama na Yahudawa. Wajen shekara ta 470 bishop na garin Vienne a Faransa, Mamertus, ya kafa kwana uku na addu'a kafin Hawan Sama, waɗanda daga baya suka zama na roƙon albarkar amfanin gona. A Turai lokacin na ganye da furanni ne. A kwarin Binuwai kuwa lokaci ne da rumbu ya fara sauka, an gama sharar gona, ido yana kan hadari. Kiristan da ke noma a nan bai bukatar a fassara masa abin da ake nufi da jiran alkawari.

Ma'anar ranakun biyu a taƙaice ita ce: malami ya tafi, aiki ya koma hannun almajirai, kuma dole su yi shi da harshen da mutane ke ji. Tarihin ikilisiya a arewacin Kamaru ya bi wannan sawu. A farkon shekarun 1920 'yan mishan na Lutheran daga Amurka suka iso wannan yanki, 'yan Norway suka sauka Ngaundare a 1925. Katolika sun makara: sai a 1946 limaman ƙungiyar Oblat suka zo ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na Garwa na farko. Dukansu sun tarar da ƙasa mai harsuna barkatai, ga Fali, ga Mundang, ga Tupuri, ga Giziga, ga Fulatanci da ke haɗa kasuwa. Wanda bai koyi harshe ba, bai sami mai sauraro ba. Shi ya sa fassara ta zama rabin aikinsu, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Fulatanci a 1983, alhali na Hausa ya fito tun 1932.

Sannu a hankali ragama ta koma hannun 'yan ƙasa. A 1959 Simon Mpeke, limami daga kudancin Kamaru, ya tafo arewa ya zauna a Tokombere cikin mutanen duwatsu, yana tafiya ba takalmi, har suka laƙaba masa suna Baba Simon. Ya rasu a 1975. A 1984 Christian Tumi ya gaji Plumey a Garwa, shi ya karɓi Fafaroma John Paul na Biyu a garin a watan Agustan 1985, kuma a 1988 ya zama Kadinal na farko a Kamaru. A ƙauyukan da limami kan yi makonni bai leƙa ba, malamin katikisma ne ke jagorantar addu'ar Lahadi, mutumin da ran Litinin za a gan shi da fartanya kamar kowa.

A nan ne bukin ke haɗuwa da zaman yau da kullum. Da zarar an wuce Fentikos, Katolika kan shiga doguwar kakar da ba ta da manyan bukukuwa da yawa, limami ya koma sa koren tufafi, daidai lokacin da gero da masara ke tsiro. Abin da ya rage wa mai bi shi ne noma, da duba mara lafiya, da biyan bashi, da haƙuri da maƙwabci.

Mu Hausawan Garwa, da mafi yawanmu Musulmi ne, aƙidarmu game da Annabi Isa (AS) ta bambanta da tasu, kuma babu amfanin ɓoye haka. Amma mun san ɗacin zama 'yan tsiraru, mun kuma san daɗin jin baƙo ya gaishe mu da Hausa a tsakiyar kasuwa. In Alhamis ɗin nan ta zagayo, kyautuwa ne mu ce wa maƙwabci barka da biki muna sane da abin da yake tunawa. Ruwan da yake roƙo a coci shi ne muke roƙo a masallaci, kuma gonakinmu iyaka ɗaya ce ta raba su.