Taba a Ƙasar Sakkwato: Daga Lofe Zuwa Sigari

Asalin taba daga nahiyar Amurka ne, ta kuwa iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16. A 1607 Ahmad Baba na Tambutu ya halatta ta, wasu malamai suka haramta. Hausawa suka noma ta, suka zuƙa a lofe, suka shaƙi garinta, mata suka rina haƙora da furenta. Sigari ta sami gindin zama bayan buɗe masana'antar Zariya a 1959. Nikotin ɗin cikinta kan isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa barinta ke wuya. Dokar 2015 ta hana sayar da ita kara-kara, amma mashayi a Gidan Igwai, kamar sauran unguwannin Sakkwato, bai rasa ta wurin mai tireda.