Tun Kafin Mr Bigg's: Tarihin Abincin Gaggawa a Kasuwar Maigatari

Wannan makon kasuwar Maigatari za mu leƙa, sai dai ba kara za mu shiga ba, wajen masu abinci za mu tsaya.

Da yawanmu in aka ce abincin gaggawa, hankalinmu kan tafi ne ga shagon nan mai ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki. To, wannan baƙo ne na jiya-jiya. Kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's na farko a Marina da ke Legas a 1986, Chicken Republic ta biyo baya a 2004, KFC ta Amurka kuwa sai a 2009 ta iso Najeriya. Amma ainihin sana'ar, wato a ciyar da mutumin da ba ya gida kuma ba shi da lokacin jira, ta girmi kakanninmu.

A 1851 Bature matafiyi Heinrich Barth ya ratsa ta Gumel, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa tsakanin Borno da Kano. Mu ɗan yi tunani. Fatake sun sauka a zango da jakuna da raƙuma, matansu na can gida, wa zai ɗora musu tukunya? Mai fura, da mai ƙosai, da mahauci a bakin tukuba. Furar nan da muke rainawa ta cika duk sharuɗɗan da ake yabon abincin zamani da su: an gama ta tun a gida, ba ta da tsada, kuma kafin ka sauke kaya an dama maka. Kilishi kuwa shi ne guzurin da ba ya tsoron doguwar tafiya. Da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya biyo ta Gagarawa, sai tallar ta koma bakin taga, a miƙa ƙwarya a karɓi kuɗi kafin jirgi ya tashi.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne inda girkin yake. Ba a kasuwa yake ba, a cikin gida yake. Matar da ke kulle ita ce mai jari, ita ce mai girki, yarinya kuma ita ce ke kai wa mai saye. Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa ta Katsina a shekarun 1960, ta kira wannan harka ɓoyayyen ciniki, domin mai ƙidaya rumfunan kasuwa ba zai taɓa ganin sa ba. Da ribar waina da ɗanwake aka yi adashi, aka tara kwanuka, aka aurar da 'ya'ya. Sai dai kada mu yi wa tarihin kwalliya: yarinyar da ke ɗauke da farantin sau da yawa ita ce kujerarta ke zama wayam a aji ranar kasuwa.

Yau duk Alhamis Maigatari kan cika da shanu da raƙuma da tumaki, da baƙi daga Dungas da Damagaram, da direbobin da za su kwana a hanya zuwa Kudu. Dubban bakuna ke nan, kuma ba mai komawa gida cin tuwo. Awara ta shigo ta samu wuri kusa da ƙosai, leda da roba sun kori ganye da ƙwarya. Mai shayi ya ƙara Indomie da ƙwai a teburinsa, kuma a bencinsa ne za ka ji farashin sefa da labarin boda tun kafin rediyo ta faɗa. Hatta yankin ciniki maras shinge da aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda aka yi wa fatan manyan masana'antu, bai kai ga sauya yadda garin ke cin abinci ba.

Rufe boda ne ya tona yadda sana'ar ke rataye da hanya. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, sai Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, Maigatari na ciki, tare da Illela da Seme da Mfum. A 2023 kuma, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake garƙamewa har zuwa Maris ɗin 2024. Jaridu sun yi ta lissafin asarar dillalai da manyan 'yan kasuwa. Ita kuwa mai waina, wadda ta saba jiƙa shinkafa tiya uku daren Laraba ta koma jiƙa ɗaya, ba ta shiga lissafin kowa ba, kuma 'yan adashi ba su ɗaga mata zubin wannan makon ba.