Feritin: furotin da ke hauhawa a jinin masu tsananin cutar bairos

A watan Maris na 2020 mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa bayanan majinyata 191 da cutar korona ta kwantar a asibitoci biyu na birnin Wuhan da ke ƙasar Sin. Mutum 54 daga cikinsu sun rasu. Da aka duba gwajin jininsu, sai aka tarar matsakaicin adadin wani furotin mai suna feritin ya haura maikirogiram 1,400 a kowace lita a jinin waɗanda suka rasu, alhali na waɗanda suka warke yana wajen 500. A jikin baligi mai lafiya kuwa, ba kasafai yake wuce 300 ba.

Feritin rumbu ne da jiki ke adana sinadarin ƙarfe a cikinsa, wato sinadarin da ake haɗa jini da shi. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Cek, Vilém Laufberger, ne ya fara tace shi daga saifar doki a 1937. Siffarsa kamar ƙwallo ce mai rami a ciki, kuma guda ɗaya na iya ɗaukar ƙwayar zarra ta ƙarfe har 4,500. Ajiyar tana da dalili, domin ƙarfen da ke yawo sakaka yana lalata ƙwayoyin halitta. Mafi yawan feritin yana cikin hanta da saifa da ɓargo, ɗan kaɗan ne ke fita cikin jini, kuma shi ake aunawa a asibiti.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki kan saki sinadaran isar da saƙo da ake kira saitokin. Ɗaya daga cikinsu, IL-6, yana sa hanta ta samar da hefsidin, wanda ke toshe ƙofar da ƙarfe ke bi ya shiga jini. Ta haka ake kulle ƙarfen a rumbu, a hana wa ƙwayoyin cutar da ke buƙatarsa don su hayayyafa. Su kansu sinadaran kumburi suna ƙara yawan feritin da ake ƙerawa, sannan ƙwayoyin hanta da suka lalace suna zubar da nasu cikin jini.

Matsalar tana zuwa ne idan garkuwar ta wuce gona da iri, ta koma illata huhu da ƙoda da hantar mai ita. An ga hauhawar feritin a irin wannan hali a zazzaɓin dengi mai tsanani, haka kuma a jinin majinyatan Ebola na annobar Gulu ta ƙasar Yuganda a 2000, inda aka danganta yawansa da zubar jini da mutuwa. Masana sun rabu kan ko feritin yana rura wutar kumburin ne, ko kuwa hayaƙinta ne kawai. Hujja mafi ƙarfi a yanzu tana ga masu ɗaukarsa alama, kuma maganin da ya yi tasiri ya nufi kumburin ne kai tsaye: gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna a watan Yunin 2020 cewa dezametason ya rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi.

Wannan alama tana iya yaudara, musamman a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Yaron da ƙarfen jikinsa ya ƙare zai iya nuna feritin mai kyau saboda kawai yana fama da zazzaɓi. Ba ƙaramin al'amari ba ne a Najeriya, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Saboda haka a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni biyu: ƙasa da maikirogiram 12 ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar mai lafiya, amma ƙasa da 30 idan akwai kumburi, ga manya kuma 15 da 70. Masu ciwon sikila da ake yawan ƙara wa jini su ma feritin ɗinsu kan hau, sai dai nasu sau da yawa ƙarfe ne na gaske da ya taru, wanda ke buƙatar magungunan fitar da shi daga jiki.