Wai Daji Ba Ya Son Ƙarfe: Tarihin Sankarar Mama Da Tsoron Wuƙa

Makalarmu ta wannan mako a kan wata magana ce da muka taso muna ji, daga Sundimina har Gwaram: wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Maganar nan ta hana mata da yawa zuwa asibiti. Amma ba daga sama ta faɗo ba, tana da tarihi, kuma duk mai son sa wannan ciwo a labarinsa ya kamata ya san tarihin.

Ciwon ya daɗe. Wata takardar likitanci ta Misira da ake kira takardar Edwin Smith, wadda aka rubuta kimanin shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta siffanta ƙari mai tauri a ƙirji, ta kuma nuna ba shi da magani. Herodotus na Girka ya ba da labarin Atossa, matar Sarki Dariyus na Farisa, wadda ƙari ya fito mata a mama, kunya ta sa ta ɓoye har ya bunƙasa kafin ta kira likita. Masana na saɓani ko daji ne ko ƙurji, amma kunyar dai mun san ta.

Malam Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajajen 1013, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif cewa ana iya cire ciwon gaba ɗaya idan yana ƙarami, amma idan ya daɗe ya girma, bai taɓa warkar da shi ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Wato tun shekara dubu da suka wuce an gane cewa lokaci ne ke yanke hukunci.

Wuƙar da kuwa abin tsoro ce. Ranar 30 ga Satumba, 1811, a birnin Faris, likitan sojojin Napoleon, Dominique Larrey, ya cire wa marubuciyar Ingila Fanny Burney mama idonta biyu, domin sai a 1846 aka fara amfani da maganin sa barci a bainar jama'a a Amurka. Ta rubuta wa yayarta Esther wasiƙa ta zayyana abin da ta ji, kuma ta rayu har 1840. Da ba ta ɗauki alƙalami ba, da labarin likitoci kaɗai za mu samu.

Daga shekarun 1880, William Halsted na Amurka ya kawo tiyatar da ake cire mama da tsokar ƙirji da kaluluwar hammata baki ɗaya. Kusan ƙarni guda ana haka. Mace kan shiga ɗakin tiyata don gwaji kawai, ta farka ta tarar an riga an cire. A 1974 wata 'yar jarida, Rose Kushner, ta ce ba ta yarda ba, a gwada tukuna, a gaya mata, sannan ta zaɓa. Rubutunta ya taimaka aka bar waccan al'ada. A 1985 binciken Bernard Fisher ya nuna cewa ga mata da yawa, cire ƙarin kaɗai tare da gashi yana ba da sakamako daidai da cire mama duka.

To me ya sa tsoron bai bar mu ba? Saboda yawancin matan Najeriya ba sa isa asibiti sai ciwon ya kai mataki na 3 ko na 4, bayan an gama shafe-shafe da sakiya. A lokacin ya riga ya bazu. Idan aka yi aiki mai ciwo ta rasu, dangi sai su ɗora wa wuƙa laifin da na jinkiri ne, labarin ya hana ta gaba zuwa da wuri. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna mata fiye da 32,000 sun kamu a Najeriya, kimanin 16,000 sun rasu. A ƙasashe masu arziki kuwa, fiye da tara cikin goma na wuce shekara biyar a raye. Ga shi kuma a nan ciwon ya fi kama mata da ƙuruciyarsu.

Mu ma muna da masu magana. Betty Anyanwu-Akeredolu ta yi jinya a Ibadan a 1997, ta warke, ta kafa ƙungiyar BRECAN. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta kafa gidauniyar Medicaid, kuma a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya.

Yanzu ku dubi matashiyar da ta ji ƙullutu a mamanta a Sundimina. Wa za ta fara gaya wa, inna ko miji? Za ta hau mota zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a ɗebi ɗan tsoka a gwada. Sau da yawa ƙullutun matasa ba daji ba ne, amma gwaji kaɗai ke tabbatarwa. Idan shi ne, ga tiyata, ga ruwan kemo mai zubar da gashin kai, ga tafiyar gashi har Shika ta Zariya. Akuya nawa za a sayar? Wa zai riƙe goyo?

Nan labarin yake, 'yan uwa. Mun saba jefa wa tauraruwa ciwon daji a babin ƙarshe don mu share wa kishiya fili. Mu gwada rubuta wadda ta je da wuri, ta sha wuya, ta dawo ta ci gaba da sana'arta. Mu tambayi ma'aikatan jinya kafin mu rubuta, kada mu ƙara wa camfi ƙarfi. Wata ba za ta taɓa karanta takardar asibiti ba, amma za ta karanta littafinki a waya cikin dare.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.