Shayar da Kankare: Bayani ga Al'ummar Wurno, Rabah da Goronyo

Ba bushewa ce ke sa kankare ƙarfi ba. Siminti yana haɗuwa ne da ruwa sannu a hankali har ya kama yashi da tsakuwa, kuma da zarar ruwan ya ƙafe, ƙarfin ya daina ƙaruwa. Shi ya sa ake shayar da kankare bayan an zuba shi.

A waɗannan ƙananan hukumomi uku, zafin bazara kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Iskar hunturu ma tana tsotse danshi, amma a lokacin ne magina suka fi sakaci, domin sanyi kan ruɗe su.

Ana fara shayarwa da zarar saman kankaren ya yi tauri, a ci gaba na aƙalla kwana 7. Sai a kwana 28 ne ake auna cikakken ƙarfinsa. Yayyafi sau ɗaya da safe bai isa ba, domin kafin azahar ya bushe. Idan daɓe ne ko saman kwalbati, a kewaye shi da ƙasa a tara ruwa a kai. Ginshiƙai kuwa a naɗe su da jiƙaƙƙun buhuna, a rufe da leda. Bulo a jera shi a inuwa ana ba shi ruwa. Ruwan kogin Rima ya wadatar, muddin an bari lakarsa ta kwanta.

Ana shawartar jami'an sashen ayyuka su sanya kuɗin ɗibar ruwa cikin kwangila tun farko, kuma su ziyarci wurin aiki cikin makon farko, ba ranar miƙa gini kaɗai ba.