Tarihin Tace Saƙonnin Imel

Tace saƙonnin imel aiki ne da manhajar kwamfuta ke yi na duba duk saƙon da ya shigo, sannan ta zaɓa masa wuri ba tare da sa hannun mutum ba: ko akwatin mai shi, ko wata jaka ta daban, ko kwandon shara.

Asali

An fara wannan aiki ne don rarraba saƙonni, tun kafin saƙonnin banza su zama annoba. A 1990 Stephen van den Berg ya fitar da procmail don kwamfutocin Unix. Mai amfani da shi yakan rubuta ƙa'idojinsa da kansa a wani ɗan fayil mai suna .procmailrc: in saƙo daga wurin wane ne, a ajiye shi a jaka kaza, in takensa ya ƙunshi kalma kaza, a tura wa wani. Rubutun na da wuyar sha'ani, domin kuskuren alama ɗaya kan iya sa saƙo ya ɓata. A 2001 aka fitar da Sieve, harshen ƙa'idoji mai sauƙi wanda aka hana shi kunna wasu manhajoji, don haka kamfanoni suka iya sakar wa kowa shi.

Yaƙi da saƙonnin banza

Tun a 1978 Gary Thuerk na kamfanin DEC ya aika talla ga ɗaruruwan mutane a kan hanyar sadarwar kwamfutoci ta ARPANET, amma sai a shekarun 1990 abin ya yi ƙamari, har da wasiƙun damfarar da ake kira 419, sunan da ya samo asali daga wani sashe na dokar laifuka ta Najeriya. A 1997 Paul Vixie ya kafa jerin adiresoshin kwamfutocin da aka sani da watsa irin waɗannan saƙonni, don a riƙa rufe musu ƙofa. A 2001 Justin Mason ya fitar da SpamAssassin, wadda ke gwada saƙo ta hanyoyi da yawa tana ba shi maki. Da ya kai maki 5, sai a yi masa tambarin na banza.

Masu aikawa kuwa suka riƙa karkata haruffan kalmomi don su zille. A 2002 Paul Graham ya yaɗa dabarar lissafin Bayes: a nuna wa manhaja tarin saƙonni nagari da na banza, ita kuma ta ƙirga kalmomin da suka fi yawa a kowane ɓangare, ta koyi bambancewa da kanta.

Halin da ake ciki

Bayan fitowar Gmail a 2004, yawancin tacewa ta koma hannun manyan kamfanoni, waɗanda ke koyo daga saƙonnin da miliyoyin mutane ke yi wa alamar banza. An kuma ƙara hanyoyin tantance mai aikawa, wato SPF da DKIM, sai DMARC a 2012. A yau saƙonnin banza da yawa ana mayar da su tun daga bakin ƙofa, mai akwatin bai ma san sun zo ba.